Kukar Inna Delu da Gonar Milan

A gidanmu na Gwarzo, da an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhun kakata, Inna Delu, tana gasa mana gyaɗa a toka. Inna ba ta yarda da kowa ba. Ko mai talla ta miƙo mata kaya sai ta jujjuya, ta shinshina. Tatsuniyoyinta ma haka suke, cike da mayaudara.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani falke da baƙo ya ce zai sayar masa da kuka. Falke ya ba da jakinsa, yana murnar ya mallaki bishiya sukutum. Da gari ya waye, baƙo ya miƙo masa ƙullin garin kuka, na miyar kwana ɗaya.

"Inna, ai ƙarya ya yi masa," in ji ni.

"Wace ƙarya? Kuka ya ce, kuka ya bayar. Ku dai ku riƙa sa kunne."

Da wannan kunnen na zo Dubai, na kama aiki a wani sito na 'ya'yan itatuwa a Al Qusais. Abokin aikina Milan, mutumin Sabiya, ya roƙe ni in riƙe masa aikinsa na mako biyu ya je gida. Ya ce mahaifinsa ya rasu ya bar masa vinograd, gonar inabi, kuma lokacin tsinka ya yi. Amma ni kullum ina ganin wannan kalma a jikin kwalayen da muke tura wa Rashawa. Na tambayi Olga, 'yar Rasha mai kula da odarsu, ta ce 'ya'yan inabi ne kawai, waɗanda ake ci, ba gona ba. Na ce a raina, to, ga mai sayar da kuka ya zo. Na ce wa Milan ba zan iya ba, khalas, magana ta ƙare.

Bayan wata guda Olga ta ji abin da ya faru, ta dafe kai. Ta ce kalmar haɗi ce: vino, ruwan inabi, da grad, shingaggen wuri. Mutanen Sabiya sun bar ta a kan gonar, 'ya'yan kuma suna ce musu grožđe. Rashawa suka mayar da ita kan 'ya'yan, ba sa ma yi mata jam'i, kamar yadda muke cewa gero. Ƙwaya ɗaya ce vinogradina, gonar kuma vinogradnik.

Inabin Milan ya ruɓe a jikin kurangarsa. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, bai ɗago kai daga kwalin da yake ɗaurewa ba.

Na daɗe ina ɗora wa Inna laifin wannan zargi nawa. Yanzu na gane falken nan tambaya ɗaya ce ya kasa yi, ni ma ita na kasa, alhali Milan yana tsaye a gabana. Har yau muna aiki tare, amma ko ruwa bai sake roƙona ba.