Ragamar Kilina

Shekara guda da samun mulkin kai aka ce za a yi bikin tunawa a Makarfi, har da lilon yara irin na birni. Wanda aka ɗora wa shirin wani akawu ne daga Zariya, mai farar riga da alƙalami a aljihu, mutumin da bai taɓa kora akuya biyu zuwa kasuwa ba, balle ya san yadda ake tafiyar da taro.

Ni a lokacin matsar rake nake yi, ina dafa mazarƙwaila a bakin fadama. Duk arzikina doki ɗaya ne, wani kili mai sanyin hali, shi ke zagaya injin matsa tun safe har la'asar. Akawu ya ga wannan dabara, sai ya sa kafinta ya ƙera lilo a kanta: gungume a tsakiya, kujeru a rataye, da doguwar sanda da doki zai ja. Ya aiko a ba shi aron kilina. Wa ya isa ya ce wa mai alƙalami a'a?

Ya kewaye filin da zana, ya bar ƙofa ɗaya tak, wadda jaki da kaya ba zai wuce ta ba. Jama'a suka zo daga Kudan da Dandamisa, har da mutanen Ikara da suka kwana a hanya. Ya ce ba mai shiga sai manyan baƙi sun iso. Tun hantsi ake tsaye cikin rana, ba ruwa ba inuwa, har azahar ta gota. Sannan sarkin hikima ya sa aka yi shela cewa yaran da suka fara shiga su za su hau lilo, har da alewa.

Zanar nan gaba ɗaya ta kwanta. Ina riƙe da ragamar kili taron ya afko mana. Yana ɗaure da sandar lilo, ba inda zai gudu. Ya zabura, mutane suka danne sandar, ta faɗo masa a ƙafar gaba. Da kunnena na ji karyewar ƙashin.

Da na je wa akawu, yana kakkaɓe rigarsa ya ce, “To ai dabba ce. Ka gode wa Allah ba mutum ba ne.”

Kili ya yi 'yan kwanaki a kwance ya mutu. Rakena ya nuna ba mai juya inji, na koma ƙodago a injin wasu, ni da nake da nawa. Na rataye ragamar a ɗaki, kullum na kalle ta sai zuciyata ta tafasa. Ban yafe ba, ban kuma yi niyyar yafewa ba.

Da shekara ta zagayo aka sake sa biki, akawu ya shiga neman doki. Da ƙafata na je na durƙusa a gabansa.

“Ranka ya daɗe, abin da ya wuce ya wuce. Maganar doki ka bar ta a wuyana.”

Har da sa min albarka. Daga nan na bi masu dawakin matsa gida gida, ban yi wa kowa ƙarya ba, na dai tuna musu da kilina. Ana gobe biki kowa ya kai dokinsa kiwo can wajen Kurmin Kogi.

Ranar biki babban baƙo ya iso daga Zariya, aka ɗora 'ya'yansa a kujerun lilo, jama'a sun yi da'ira. Sai ga ni, hannuna riƙe da ragama.

“Ina dokin?” in ji akawu.

“Ga abin da ka bar min na doki, ranka ya daɗe.” Na ajiye masa ita a gabansa.

Babban baƙo ya ce, “Malam, yara na jira fa.”

Akawu ya dubi taro yana neman majiya ƙarfi su tura. Ba wanda ya motsa, 'yan doka ma sama suka kama kallo. Ya naɗe farar rigar nan, ya dafa sandar da ƙirjinsa, ya fara zagaye. Yara na ihu a ƙara sauri, gumi na zuba, alƙalamin ya faɗi cikin ƙasa aka bar shi a nan. An ce rama cuta ga macuci ibada ne, ni kuwa ranar na yi ibadata da natsuwa.

Da ya zo wucewa ta gabana yana haki, na yi masa irin fiton da nake yi wa kili in ya gaji. Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, “A hankali, ranka ya daɗe. Ƙafar gaba ce ke fara karyewa.”