Ƙafar surukina, daga Madawa zuwa Tamaske

Babankatami zuwa Madawa

Da asuba na hau motar kasuwa. Labari ya zo cewa amalanken albasa ya taka Hamidu, mijin ɗiyata, an yi mishi aiki a ƙafa. Ɗiyar tana gidana tana wankan jego, ba ta iya tahiya. A shingen Buza jandarma ya ce, "Inna, ina zuwa?" Na ce, "Dubiya." Ya bar mu.

Da azahar na isa asibiti, na iske an sallame shi. Wata malamar jinya ta ce sun tambaya wa zai kula da shi a gida, ƙanensa Idi ya ce shi, suka koya mishi wankin miki. An gama girbi, kuma na san abin da samarin Adar ke yi bayan girbi.

Buza zuwa Tamaske

Na kwana Buza wajen ƙawata, ta dama min hura. Da hantsi muka bi hanyar Keita, duwatsu da ƙorama, direba na zagin taya. Daga Tamaske kabu-kabu ya kai ni ƙauyensu Hamidu.

Idi ya tahi ci-rani. Gidan ba kowa sai tsohuwar uwar Hamidu, wadda ba ta gani. Tun daga zaure na ji warin mikin.

Na tahi ɗakin shan magani na garin, na hwaɗi halin da Hamidu ke ciki. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ce, "Ni kaɗai ne nan, Inna, kuma ba wanda ya hwaɗa min. Yau zan je, amma wankin kullum sai na gida."

Na ce, "Surukina ne. Ko sunansa ba ni kamawa."

Ya ce, "To kunya ko ƙahwa, ki zaɓa."

Na zaɓa. Ya nuna min ruwan gishiri da naɗin ƙyalle. Kowace sahiya Hamidu kan ja bargo ya ruhe huskarsa, ni in wanke, ba mai cewa uffan. Tsohuwa daga ƙofa tana cewa, "Ni dai ban ga komi ba."

Komowa

Sai da miki ya kama bushewa na komo gida, ta Allakaye. Godiya ga Allah, da majo, da ƙawata ta Buza. Kwanan baya Hamidu ya zo ganin ɗansa. Da ya hango ni a bakin rijiya sai ya sake hanya da sauri, da ƙafafunsa biyu.