Kujerar Amnon

Nahida ta iso Ohio tana amarya, da akwati ɗaya da kwalbar man zaitun da ta fashe a hanya ta ɓata mata rabin kayan aure. Mijinta Jiryis ya yi aiki a masana'antar gilashi har ƙirjinsa ya gaji, ya rasu ya bar mata ɗa guda, shi ma da ya kawo ƙarfi ya tattara ya koma Texas, sai waya ranar Kirsimeti. Ita kuwa a bayan shagon wanki da guga ƙuruciyarta ta ƙare, tana rage tsawon wandunan mutane, tana canja zik, allurai cike da baki.

Kirista ce tun kaka da kakanni, 'yar Beit Jala, amma har ta tsufa ba a rasa wanda zai tare ta bayan sujada ya tambaye ta yaushe ta tuba ta karɓi Yesu. Takan ce, "Ai maƙwabcinmu ne. Daga ƙofar gidanmu zuwa inda aka haife shi da ƙafa muke zuwa." Sai a bushe da dariya, a ce tsohuwar nan akwai barkwanci. Ita kuwa ba wasa take yi ba.

Mutanen majami'arsu ta titin Maple ba mugaye ba ne, wannan ma shi ne abin haushin. Suna da kwamitin zaman lafiya. Suna sayar da man zaitun na Falasɗinu a ɗakin ƙasa, suna damun 'yan majalisa da waya, suna tsayawa bakin titi cikin sanyi da kwalaye a hannu. Sai dai suna da wata doka da suka riƙe kamar tare da Bishara ta zo, dokar kujera biyu. Can baya an taɓa gayyato wani Bafalasɗine ya yi magana shi kaɗai, wasu iyalai suka yi fushi suka bar majami'ar, Yahudawan unguwa suka daina gaisawa da fasto. Tun daga ranar aka yanke cewa ba mai ƙara buɗe baki kan waccan ƙasa a gaban ikilisiya sai da na ɗaya ɓangaren zaune kusa da shi, kuma lokacin da aka ba wannan shi za a ba wancan. Mai tsaron dokar ita ce Marlys, tsohuwar malamar firamare, mace mai sanyin murya wadda ba ta taɓa ɗaga wa kowa harshe ba, ba ta kuma taɓa janye maganarta ba. Da agogon girki mai ƙararrawa take zuwa taro don auna lokacin kowa, ta ɗora shi a cinya.

Kujera ɗaya ta Nahida ce. Ɗayar ta Amnon ce, mai shagon tabarau, Bayahude haifaffen Haifa, wanda bom ya kashe ƙanwarsa Tirtsa a cikin bas tana hanyar zuwa aiki. Ɗan gayu ne, ba a taɓa ganinsa da riga ba guga ba. Shekara da shekaru shi ke ɗaukar Nahida a tsohuwar motarsa, suna zagaya majami'un ƙauyuka, ta faɗi nata, agogo ya buga, ya faɗi nasa, a yi musu tafi a ba su kofi mai kama da ruwan wanke kofi. Gaskiyar maganarsu kuwa a mota take fitowa. A can suke kiran juna 'yar baffa da ɗan baffa, don a wasansu Bayahude da Bafalasɗine 'ya'yan wa da ƙani ne.

"'Yar baffa," yakan ce, "yau ma labarin itacen zaitun ɗin nan za ki ba su? Itacen nan kullum ƙara tsufa yake a bakinki."

"Ɗan baffa, kalli gabanka. Kun cinye ƙasa, yanzu hannun titin wani ma sai ka ci?"

"Ba mu ƙasar aka yi. A littafinku ma yana nan."

"To wanda ya ba ku ya sauko ya koya maka tuƙi."

Wani lokacin wasan yakan zama faɗa na gaske, su dawo gida kowa na fushi. Kashegari sai ga shi a shagon wanki da wandon da ba abin da ya same shi, wai a duba masa. Yakan kushe naɗin ganyen inabinta, ya ce lemo ya yi yawa, ya kuma share tukunyar tas. A duk garin nan shi kaɗai yake faɗa mata baƙar magana, shi kaɗai kuma take jin ya ɗauke ta mutum.

Da kaka ta shigo Amnon ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya tafi. Aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Hankalinsa yana nan daram, idanunsa suna bin mutum, amma baki ya karkace, yawu yana zuba. Ya yi ta nuni da hannun da ya rage masa har aka cire madubin ɗakin. Baƙi duk ya kore su da juya fuska, ban da Nahida.

Ana tsakiyar dusar ƙanƙara aka kira ta daga gida. Ƙanenta Saliba, wanda ta goya a baya, wanda ya ƙi fita ya zauna kan gonar ubansu, ciwon zuciya ya kama shi da safe. Motar asibiti ta ɗauke shi, aka tsayar da ita a shingen sojoji, aka yi ta jira. Kafin a ɗaga ƙarfen ya cika. An binne shi kafin ta gama neman jirgi. Ta zauna a kicin ta kalli jana'izar a wayar hannu, hoton yana yankewa.

Abu ɗaya ta nema a majami'ar da ta yi wa bauta rabin rayuwarta: ta tsaya ranar Lahadi ta faɗi sunansa, ta faɗi ko wane ne shi da yadda ya mutu, a ce amin.

Marlys ta zo gaisuwa da kwanon taliya, ta riƙe hannunta biyu, hawaye na gaske a idonta.

"'Yar'uwa Nahida, zuciyata ta karye. Amma kin san yadda muke yi. Kujerar Amnon ba kowa."

"Ba jawabi zan yi ba, Marlys. Ƙanena ne ya mutu."

"Na sani, ƙawata. Amma za ki ambaci shingen, ko?"

"A can ya mutu. Ko in ce a bakin teku?"

"Kin gani. Bari mu nemo wanda zai zauna. Mun soma tambaya."

Suka tambaya ɗin kuwa, ba ƙarya. Wannan ya ce ba lokaci ba ne, wancan ya ce yana tsoron abin da mutanensa za su ce. Makonni suka shuɗe. Kowace Lahadi fasto yana addu'a domin dukan masu shan wahala a kowane ɓangare, Nahida tana zaune tana jin kamar ta tashi ta fasa taga. Bayan sujada a rungume ta, a ce tana da ƙarfin hali.

Ranar da tura ta kai bango ta tafi wurin Amnon. Ta goge masa haɓa, ta zauna bakin gado.

"Ɗan baffa, sun hana ni faɗin sunan Saliba. Wai sai da kai." Ta kasa kallonsa. "Ba abin da za ka yi. Zama kawai. In faɗi nawa, in mayar da kai."

Ta san abin da take roƙo. Mutumin da ba ya son ganin fuskar kansa take so ta ajiye a gaban ɗaki cike da jama'a. Kunya ta kama ta, amma ba ta janye ba. Amnon ya daɗe yana kallon bango. Can ya ɗaga hannu ya nuna kabad, inda farar rigarsa take rataye.

Ita ta goge rigar, ita ta sa masa. Ta yi hayar motar da ke ɗaukar keken guragu, ta turo shi ta kan ƙanƙarar ƙofar majami'a, tsohuwa tana haki, tayoyi suna zamewa. Da suka shiga, wasu suka dafa ƙirji, wasu suka sunkuyar da kai, yara suka zuba ido. Amnon ya rufe idanunsa. Ta kai shi har gaba, ta janye kujerarsa ta katako gefe, ta ajiye keken a gurbinta, ta zauna a tata.

Marlys da fasto suka koma bayan bagadi suna ƙus-ƙus. Nahida tana maimaita a ranta abin da za ta faɗa: yadda Saliba yake waƙa in yana karkaɗe zaitun, yadda yake tsoron allura, yadda matarsa ta yi ta dukan gilashin motar asibitin tana nuna wa sojoji fuskarsa. Sai ga Marlys ta dawo, fuskarta tana haske irin na wadda Ruhu ya ba wa amsa. Ta sunkuya ta raɗa mata a kunne.

"Mun yi tunani. In kika yi magana shi bai iya ba, ba a yi masa adalci ba. Amma Allah ya ba mu abin da ya fi."

Kafin Nahida ta gane, fasto ya ɗaga hannu ya gaya wa jama'a cewa yau 'yan'uwan nan biyu za su yi shaida ba da baki ba. Ɗan'uwanmu Amnon ya rasa muryarsa, saboda haka 'yar'uwarmu Nahida za ta ajiye tata domin ƙauna. Kowa ya yi shiru tare da su. Marlys ta murɗa agogonta.

Nahida ta buɗe baki ta rufe. Shekarun da ta yi tana jiran a ba ta izini sun fi ƙarfinta. Ta kalli jama'a, sai ta ga suna kuka, kuka mai daɗi, irin wanda mutum ke yi ya koma gida da sauƙin zuciya. Wata a layin gaba ta ɗaga waya tana ɗaukarsu hoto. Yawu ya gangaro kan farar rigar Amnon, a gaban kowa, ita ce kuma ta kawo shi.

Sai ta ji hannunsa mai rai ya damƙi nata da ƙarfi. Ya buɗe ido, ja wur, yana kallon jama'ar. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, karkataccen bakin ya yi ta kokawa da kansa.

"Sa..." ya ce. "Sa... Sal..."

Marlys ta taso a hankali a kan yatsun ƙafa don kada ta dami masu addu'a. Ta durƙusa gabansa, ta ciro tsumma mai tsabta ta goge masa baki, ta shafa kafaɗarsa kamar yadda ta saba yi wa 'yan ajinta a da.

"Shhh, Amnon," ta ce da murmushi. "Shiru muke yi."