Goggo da ruwan baƙin wake

Jiya ina tsugune a gindin murhu, littafi a cinya, jarumin ya tsayar da mota zai faɗa wa jarumar abin da ke ransa, sai na ji ana kurɓar abu a bayana.

Goggo ce, yayar Abbanmu, ta zo daga Ringim. Kwano a bakinta.

Baƙin wake Yaya ya kawo tsaraba daga kudu, wai a ƙaramar wuta yake wuni, ba a sa masa kanwa. Da ruwan ya yi yawa na tsiyaye kaɗan, baƙi ƙirin, na ajiye a ƙofar ɗakin Abba. Na manta a nan yake ajiye mata rubutun ciwon gwiwa in ya wanke allo, don Abba malami ne.

Ta shafa ragowar a gwiwa.

"Ke 'yar nan, yau Malam da ruwan ɗumi ya wanke min. Har da gishiri?"

Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, ta ina zan fara? In na faɗa za a tambayi ina hankalina yake, Umma kuwa ta rantse in ta sake ganin littafi a bakin murhu, ciki zai shiga.

"Allah ya ƙara sauƙi, Goggo."

Waken ya nuna luguf, kowa ya yi santi. Yau da safe Goggo ta bugo waya, wai gwiwa ta saki, a gaya wa Malam irin na jiya take so.

Waken kuma ya ƙare. 'Yan uwa, in faɗa wa Abba, ko in lallaɓa Yaya ya ƙaro?