Jegon 'Yata a Bakin Tafki

Shekarar da na ajiye alli, bayan na daɗe ina koyarwa a wata lakwal, wato makaranta, a Sokode, 'yata ta uku ta aiko mini da takardun tafiya. Cikinta ya tsufa, kuma babu wata babbar mace kusa da ita. Suna zaune da mijinta a wani gari na arewacin Amurka, a bakin tafki. Mijin ɗan Dapaong ne, mahaifinsa dillalin shanu, shi kuma tuƙin motar kaya yake yi a can. Na ɗaure kanwa da yaji da daddawa da gero, zemijan biyu, masu haya da babur, suka kai ni tasha, ɗaya ya ɗauke ni, ɗaya ya ɗauki kaya.

Da aka ce mini tafki, abin da na kawo a raina irin madatsar da ake shayar da shanu ce. Da surukina ya kai ni na gani, sai na tarar ba shi da tsallake. Ruwa ne har ƙarshen gani, da jirage manya a kansa. Ya ce ba teku ba ne, babu gishiri a ciki, shi garin yake sha. Gidansu na katako ne, layi na biyu daga bakin ruwan. Su ne a sama. A ƙasa akwai wata tsohuwar Baturiya da kyanwarta, muna ɗaga wa juna hannu idan mun haɗu a ƙofa.

An haihu ranar Asabar, namiji. Uban ya bar wa mahaifinsa, Alhaji, zaɓen suna. Aka shirya Alhaji zai tara malamai a Dapaong ranar Asabar mai zagayowa, ya yanka rago, a raɗa suna, sannan ya aiko mana da saƙon murya. Mu kuma a nan za mu dafa abinci ga 'yan zango, mutanenmu na gida da ke garin, waɗanda ba su fi gida goma ba. Kullum safe da yamma ina yi wa 'yata wankan ruwan zafi, ina dama mata kunun kanwa.

Ranar Juma'a da safe wayoyinmu uku suka yi kuka lokaci guda. 'Yata ta karanta, ta ce gargaɗi ne, iska mai ƙarfi na tafe daga kan tafki, kowa ya zauna gida. A lokacin yayyafi kawai ake yi. Surukina ya leƙa taga, ya ɗauki makullin mota. Naman da ya saya wajen wani mahauci Musulmi yana can ɗaya gefen garin.

"Ka bar shi mana," in ji 'yata. "Wa zai zo suna a wannan hali?"

"Ko mutum uku suka zo ai sai a ba su abinci." Ya juyo wajena ya sunkuyar da kai. "Mama, kafin ki sauke kunu na dawo."

Ban hana shi ba. Ban san garin ba, kuma ba a hana suruki fita a gidansa.

Ban sauke kunun ba yayyafin ya koma ƙanƙara, irin mai laushin nan kamar garin rogo. Ba daga sama take sauka ba, a kwance take tafiya. Gidan da ke fuskantarmu ya ɓace, sannan motar maƙwabci da ke ƙofarmu ta ɓace. Gidanmu ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan, ruwan da ke cikin kofi yana rawa. Bayan azahar aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, na'urar ɗumama ɗaki ta tsaya. Surukina ya kira sau ɗaya. Ya ce motar ta kafe a tsakiyar titi, ya bar ta, wani mai aski ya buɗe musu shagonsa, su tara ne a ciki. Daga nan layi bai sake shiga ba. Wayata ta mutu kafin la'asar, ta 'yata ta kai washegari.

Muka koma ƙaramin ɗakin da ke bayan gida, nesa da tafki. Na jingina katifa a taga, na toshe ƙasan ƙofa da zannuwa. Jaririn na tuɓe shi sai nafkin, na ɗaure shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, na lulluɓe su. Idan ta gaji na karɓe shi a nawa ƙirjin. Murhun gas yana kamawa da ashana, na ce mu kunna duka kawunan mu bar su.

"A'a, Mama," in ji ta. A gidan kula da tsofaffi take aiki, ta san irin wannan. "Iskarsa ba ta wari. Mutum barci yake yi ya wuce."

Don haka sai mu tafasa ruwa, mu cika kwalabe, mu kashe. Da gari ya waye famfo ya daskare. Na riƙa buɗe tagar kicin ina ɗibar ƙanƙara da tukunya. Tukunya cike, idan ta narke, da ƙyar take ba da kofi biyu. Wankan jego ya tsaya, sai dai na jiƙa tawul da ruwan ɗumi na gasa mata jiki. Wannan ya dame ni fiye da yadda ya dame ta.

Da hantsin Asabar muka ji ana bugun ƙasan ɗakinmu da sanda. 'Yata ba ta iya matakala ba tukuna, ni na sauka. Ƙofar tsohuwar a buɗe take. Tagarta da ke kallon tafki ta fashe, ƙanƙara ta taru a kan kujeru har ta rufe teburi. Na same ta a kicin riƙe da sandar mopa, leɓenta ya yi shuɗi. Na yi mata Faransanci, ba ta ji. Ta yi mini Turanci, ban ji ba. Sai na juya mata baya na durƙusa. Ta ɗan tsaya, sannan ta gane. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na hau da ita ina hutawa a kowace matakala uku, na sake sauka na ɗauko kyanwar a cikin kwando.

Na ba ta kunun kanwa. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, sannan ta shanye. Da jikinta ya dawo ta fara magana, 'yata tana fassara mini. Ta ce a gidan nan ta yi aure, a nan mijinta ya mutu. Ta ce idan tafkin ya daskare babu damuwa, amma idan sanyi ya zo ruwan yana buɗe, iska kan ɗebi tururinsa ta juye wa garin. Sannan ta nuna jaririn ta tambayi sunansa.

"An sa masa tun ɗazu a can gida," in ji 'yata. "Mu ne ba mu ji ba tukuna."

Tsohuwar ta sa aka maimaita mata, ta gyaɗa kai, ba ta ƙara tambaya ba. Haka muka wuni mu huɗu a ɗaki ɗaya. 'Yata ba ta ambaci mijinta ba, ni ma ban ambace shi ba. Na yi sallolina da taimama a jikin bango.

Iskar ta faɗi ranar Lahadi. Wajen azahar muka ji ana haƙa a ƙofar ƙasa. Surukina ne, da ƙafa ya taho, da ledar nama a kafaɗa, naman ya zama kamar dutse. Ya durƙusa a bakin ɗaki ya gaishe ni yadda ya saba, sannan ya kasa tashi. Da 'yata ta cire masa takalmi, yatsun ƙafarsa ta hagu sun yi fari fat. Ya ce a hanya ya wuce motoci da yawa a binne, ya share gilashin wata ya ga mutum zaune a ciki, ba ya motsi. Sau ɗaya ya faɗi wannan, ban sake jin ya tayar da shi ba.

Wani maƙwabci ya sa mana waya caji a motarsa. Saƙon Alhaji ya shigo, ana jin hayaniyar mutane a bayansa. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya faɗi sunan. Sunan marigayi maigidana ne ya mayar. Babu wanda ya gaya mini zai yi haka. 'Yata ta yi kuka. Ni na karɓi yaron na ce, to, ashe ango na yi, kuma har yau da haka nake kiransa.

Kuran ya dawo Talata. Ɗan tsohuwar ya zo daga wani gari ya tafi da ita da kyanwarta, ban sake ganinta ba. Kafin ta shiga mota ta riƙe hannuna ta faɗi wani abu, babu mai fassara a kusa. Surukina ya kwana biyar a asibiti, daga baya aka cire masa yatsu biyu.

Wata rana na taka ni kaɗai zuwa bakin tafkin. Ruwan ya haura titi ya daskare a inda ya tsaya. Gidajen layin farko ƙanƙara ta rufe su daga rufi har ƙasa, tana reto a jikin tagogi kamar kakin da ya zuba, babu ƙofar da za a iya ganewa. Wani mutum yana sarar ƙofar gidansa da gatari, wasu suna ɗaukar hoto. Tafkin kuwa ya kwanta lum.

Bayan arba'in na dawo Sokode, na huta mako guda na hau mota zuwa Dapaong, don ya kamata Alhaji ya ji daga bakin wanda ya gani. Na same shi ya dawo daga kara, kasuwar shanu, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Ɗan nasa bai gaya masa maganar yatsu ba. Ni na gaya masa.

Ya ce, "Yana takawa?"

"Yana takawa, Alhaji. Da ɗan ɗingishi."

"Saboda nama."

"Saboda baƙi," na ce.

Ya tambaye ni yadda yaron yake, da wanda ya ɗebo kama. Na ce goshin nasu ne. Ya sa aka kamo mini zabbi biyu, aka ɗaure musu ƙafa, ƙaninsa ya raka ni tasha. Motar Sokode ba ta cika ba sai bayan la'asar.