Gidan Tsamiyar Yaya Hanne

Da bazarar shekarar da na shiga aji uku, wata Laraba da aka tashe mu hutun ƙarfe tara, na rugo gida shan koko na tarar Iya Yalwa, kakarmu ta wajen uba, ta ɗora tukunyar ruwan toka a murhu. Yaya Hanne na zaune a ƙasa kusa da wutar, ta rungume wani abu mai kama da tsohuwar jaka launin ƙasa, hawaye na zuba ba sauti. Ina ganin abin na san asirinmu ya tonu.

Yaya Hanne ita nake bi, amma shan inna ya shanye mata ƙafafu tun tana goye, don haka ba ta makaranta, ba ta gona. Mu muna ɗiban ruwa, muna kalar gyaɗa, muna korar tsuntsaye a gonar dawa, ita tana gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa tana kallon ƙwari. Kai, ta fa san su! Ita ta nuna min wanda ya haɗe fikafikansa sama in ya sauka malam-buɗe-littafi ne, wanda ya shimfiɗa su faɗa-wuta ne. Ita ta gano tsutsar nan mai kama da kashin tsuntsu a ganyen lemonmu ita ke zama babban baƙin malam mai ɗigon rawaya. Ƙuda ma ba ɗaya ba ne a wurinta, akwai kore na bola, akwai mai cizo da ke biyo shanun Fulani.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa gani ba, wato abin da ke fitowa daga gidan tsamiya. A dajin Doguwa akwai tsutsotsi masu gashi da ke cin ganyen doka, da kaka su taru su saƙa gida ɗaya su kwanta a ciki. Iya na sayen gidajen, ta dafa su da toka, ta kaɗa zaren tsamiya na aikin babbar riga, kuma kullum tun ba su fito ba take dafawa. Sai Dije, 'yar rugar bayan gari mai kawo mana nono, ta ciro wa Yaya guda ɗaya. Muka kife shi da tsohuwar ƙwarya a ƙarƙashin rumbu. Rani guda Yaya tana jan jiki ta je ta kara kunne, gashin na sa mata ƙaiƙayi ba ta damu ba. "Suna nan da rai," take ce min, "ruwan farko za su fito."

Kaji ne suka ture ƙwaryar ranar Larabar nan Iya ta gan shi, ana saura ƙiris, don har hadari ya fara haɗowa. Yaya ta roƙa: "Iya, don Allah ki bari ruwa ya sauka, in gan su kawai." Iya ta yi tsaki. "Su fito su huda min shi? Gurguwa da kiwo! Ke kika ɓoye, ke za ki saka da hannunki. Ko sau ɗaya ki yi wa gidan nan amfani." Mahaifiyarmu na ɗaki tana ji, amma ina ita ina tanka wa suruka. Yaya ta ɗaga gidan ta sake shi a tafasasshen ruwa. Har yau ina jin warin nan. Da ya dahu Iya ta yage shi, ta kakkaɓe 'ya'yan a gaban Yaya, kaji suka yi wawa a kansu. Wallahi ranar na tsani Iya, kuma ban ɓoye ba, har na sha mari.

Ruwa ya sauka kafin wata Larabar. Da Babbar Sallah Baba ya sa riga mai aikin zaren, kowa na yabawa. Yaya ba ta sake kirana in zo in ga wani ƙwaro ba.

Yanzu an sare dokokin an yi gawayi, gonaki sun sha feshi, malam-buɗe-littafin ma sai ɗai-ɗai. Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, babu wanda ya gaji mazarinta. Bara ɗana ya nemo min hoton abin a waya, na kai wa Yaya Hanne. Tana ƙofar ɗaki da furfurarta tana ɗinkin hula. Ta daɗe tana kallon ɗan faɗa-wutan mai zanen ƙasa-ƙasa a fikafikai, sannan ta ce, "Ashe farare ne." Ta miƙo min wayar ta ɗauki allurarta.

Ruwan sama ɗaya kawai ta roƙa a jira mata, aka hana ta.