Taken Laberiya a Rediyon Baba Sila

A bayan barikin Zuru kowa ya san Gladys mai soya kifi, amma ba kowa ya san daga inda ta fito ba. 'Yar Laberiya ce. Philip, sojan kiyaye zaman lafiya, shi ya auro ta a Manrobiya ya kawo ta gidan ubansa Baba Sila. Da aka sake tura shi Saliyo, sai kakinsa kawai aka dawo da shi. Ita ko ta zauna, don can gida yaƙi bai bar mata kowa ba. Ta koyi Hausa, ta koyi tuƙa tuwon dawa har surukarta ta daina gyara mata, ta raini 'yarsu Joyce.

Abu ɗaya ke cin ranta: Joyce ba ta san komai na ƙasar uwarta ba. Shi ya sa da aka ce Najeriya za ta kara da Laberiya a Fatakwal, wasan neman zuwa kofin duniya, Gladys ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ba ƙwallon ta dame ta ba, ko 'yan wasa nawa ke fili ba ta sani ba. Ta dai ji cewa kafin a take leda ana buga taken ƙasashen biyu.

"Yau za ki ji waƙar ƙasarmu," ta ce wa Joyce tana yi mata kitso.

Baba Sila tsohon soja ne, kuma gidansa na da doka: in rediyo ya sa taken ƙasa, kowa ya miƙe, ko tuwo ke hannunsa. Tashoshin waje kuwa ba ya kama su, wai duk baƙin cikin Najeriya suke yi. Da yamma ya fito da rediyon gindin mangwaro, maƙwabta suka cika tsakar gida. Gladys ta sauke kaskon kifi da wuri, ta ɗaura zanenta na coci.

Aka sa taken Najeriya, kowa ya ƙame, Joyce na rerawa yadda aka koya musu a makaranta. Yana ƙarewa aka zazzauna. Daga nesa ƙahonin 'yan badujala suka soma taken Laberiya, Gladys ta ji tsigar jikinta ta tashi. Sai mai sharhi, bakinsa ba ya gajiya, ya hau kai da surutu. Ya jero sunayen 'yan wasanmu, ya ce yau baƙi za su sha kashi, ya ce mutanen da sojojinmu suka mutu dominsu ai kamata ya yi su zo da godiya, ba da takalman ƙwallo ba. Tsakar gida ta ɗauki shewa.

"Gaskiya ya hwaɗi!" in ji Baba Sila, yana buga sandarsa a ƙasa. Ɗansa yake tunawa, ko kallon inda surukarsa take bai yi ba.

Gladys na tsaye ita kaɗai, tana laluben waƙar a ƙarƙashin muryar mutumin kamar mai tsintar tsaba a cikin yashi. Ita ma mijinta ne ya mutu, amma ba wanda ya tuna da wannan. Ko kalma ɗaya ba ta samu ta rera ba.

Joyce ta ja bakin zanenta, kunya ta kama ta don ana kallonsu.

"Mama, ki zauna mana. Namu ya ƙare."